Ranar da Perpétua Ta Fashe

Ina cikin yanka tumatir ƙarar ta zo. Ba irin ta bindigar maharba ba ce mai kaifi. Wannan nauyi gare ta, daga ƙasa ta taso, har kofunan da ke kan kanta suka yi karo da juna. Sai wani sauti ya biyo bayanta, shaaa, kamar an kifar da tankin ruwa.

Gwaggo Deolinda, yayar mahaifina, ta saki gurasar da take marmasawa.

"Randa ce," in ji ta. "Natércia, randa ce!"

Ban san sa'ad da na yar da wuƙar ba. Na keta tsakar gida a guje, ba ko takalmi, duwatsun daɓe suna gasa mini tafin ƙafa. Rana tana tsaka. Motar baƙuwar da ta zo mana tana nan a gindin zaitun inda ta ajiye ta da safe. Ƙofar ɗakin randunan giya kuwa a rufe ruf, an toshe gindinta da jiƙaƙƙun buhuna daga ciki, yadda Baba yake yi tun da zafin nan ya sauko wa yankinmu na Alentejo.

"Baba! Baba, buɗe!"

Ba amsa. Na kara kunne. Ruwa kawai nake ji yana gudu a kan daɓe.

Na danna ƙofar da kafaɗa. Ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ta cije. Akwai wani abu a bayanta, mai taushi, mai nauyi. Na sake dannawa, sai hannun mutum ya zamo ta kafar ya faɗo a kan dokin ƙofa, ja jawur, ɓawon inabi manne a yatsunsa. Da zoben azurfa a ɗan yatsa. Ba hannun Baba ba ne.

Mafalda ce, baƙuwar. Daga birnin Porto ta zo, tana da ɗan shagon giya a can, kuma zagayen ƙauyuka take yi tana neman irinmu, masu tattake inabi su bar shi ya zama abin da zai zama, ba yis ɗin kanti, ba farar wuta, ba injin sanyi. Tun safe take bin Baba da tambayoyi, shi kuwa ya samu mai saurare, baki ya ƙi rufuwa.

Gwaggo ta iso ta sa kafaɗa ita ma. Muka tura, muka fizgo matar waje kamar buhun dankali. Daga gashi har takalmi jiƙe take da giya. Idanunta a buɗe, amma ba mu take gani ba. Gwaggo ta zabga mata mari.

"Ke! 'Yar birni! Ina ƙanena Isaltino?"

Mafalda ta ja iska da wani irin gurnani, ta yi tari, ta yi amai a kan ƙafata.

"Ramin," in ji ta. "Na zame... ruwan ya ja ni... ya shiga ya turo ni sama. Bai fito ba."

"Wane rami?"

Na riga na san amsar kafin Gwaggo ta rufe baki. Ɓarawo. Haka muke kiran tsohuwar randar da aka binne a tsakiyar daɓe, bakinta daidai da ƙasa. Daɓen ɗakin duk gangare ne zuwa gare ta, don in wata randa ta fashe, giyar ta gangara can ta taru, kada a yi asara. Zurfinta ya fi tsayin Baba. Lokacin kaka kuma a buɗe muke barinta.

Na zabura zan shiga, Gwaggo ta cafke mini riga ta baya har sai da maɓalli ya tsinke.

"Sake ni!"

"In sake ki ki je ki kwanta kusa da shi? Gawa biyu zan yi wa wanka yau?"

"Babana ne!"

"Ƙanena ne tun ba a yi mafarkin haihuwarki ba. Tsaya nan!"

Mace mai shekara tamanin ba ɗaya, amma ta ruga kicin ta dawo kafin in gama buɗe ƙyauren duka biyu. Kyandir ɗin da muke kunna wa Budurwa Maryamu ne a hannunta, yana ci. Ta miƙo mini. Na taka matakalar farko ta sauka ɗakin, na riƙe shi daidai fuskata. Yana ci. Na taka ta biyu, na sauke hannu zuwa ƙirji. Harshen wutar ya tsuke, ya yi shuɗi. Na sauke zuwa ƙugu.

Ya mutu, kamar an danne shi da yatsa.

Giya in tana tafasa da kanta a randa, numfashi take yi, mai kisa. Ba ya da kala, ba ya da warin da za a ce ga shi, kuma nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa a kwari. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san wannan kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi. Baba ma ya sani. Amma zafin bana ya kai inda giya za ta iya dahuwa a randa ta mutu, mu kuwa ba mu da abin sanyaya ta sai inuwa da jiƙaƙƙen buhu. Shi ya sa ya toshe ƙofa, ya toshe taga, ya tsare zafi a waje. Ya tsare numfashin randuna fiye da goma a ciki.

"Kira motar asibiti," na ce wa Gwaggo. "Ke, Mafalda, tashi! Zagaya baya, akwai taga, fasa ta. Da dutse, da komai."

Ta miƙe tana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ta dafa bango ta tafi.

Na cika ƙirjina da iskar waje, mai zafi kamar ta bakin tanderu, na toshe baki na sauka.

Duhu ya fara rufe mini ido. Giya ta kai mini idon sawu, ɗumi gare ta, tana kumfa, tana gudu duk wuri ɗaya. Na bi ta. A hannun hagu, inda randar da muke kira Perpétua take tsaye tun zamanin kakan kakana, ba komai sai gindinta, kamar haƙorin da ya karye, da manyan katangu warwatse. Ɗaya daga cikinsu ta yanke ni a diddige, ban ji zafi ba sai daga baya.

Ga shi nan, Baba.

Kansa kawai da kafaɗa ɗaya ke waje. Hannunsa na dama ya saƙale a zoben ƙarfen da ke bakin ɓarawo, shi ya hana shi nutsewa. Ƙeyarsa a kan gefen ramin, fuska sama, baki a buɗe. Giyar da ke ramin ta kai masa ƙirji, kuma sai ƙara kwararowa take yi ta kowane gefe, da ɓawo da 'ya'yan inabi, tana faɗa masa a wuya.

Na durƙusa na kama shi ta hammata na ja. Kai ka ce bangon cocinmu nake ja. Baba ƙato ne, kuma takalman robansa sun cika da giya. Na sake ja. Ƙirjina ya fara bugun ƙofa daga ciki, yana roƙon iska. Na san in na ba shi, nan zan kwanta.

Ƙofa ta yi mini nisa. Tsani ya fi kusa.

Yana jingine da randar da ke daura da ramin. Na haye shi da hannu da gwiwa har kaina ya kusa taɓa azara, sannan na buɗe baki. Iskar sama ba daɗi, tsami gare ta, amma iska ce. Na zuƙa, na zuƙa, duniya ta daina juyawa. A bayan ɗakin na ji tartsatsin gilashi, sai wani siririn haske ya keto. Mafalda ta sami tagar.

Sai a lokacin na lura da abin da cikina yake jingine da shi.

Randar zafi gare ta. Ba ɗumi ba, zafi, irin na jikin mai zazzaɓi. Kuma rawa take yi, wata 'yar ƙaramar rawa da ba a gani sai dai a ji ta a haƙarƙari.

Felicidade ce, 'yar'uwar Perpétua. Baba ya sa musu sunayen gwaggwanninsa biyu ne don ya ce su ma haka suke, manyan ƙugu da taurin kai. Rana ɗaya muka cika su, da inabin gona ɗaya, daga tsoffin kurangar da ke bayan maƙabarta. Sauran randunan duk sun farka sun kama tafasa, muna danna musu ɓawo da doguwar muciya safe da rana da yamma, don in aka bar ɓawon ya taso ya toshe wuya, numfashin ba ya samun hanya. Waɗannan biyun kuwa suka ƙi motsi. Wanda bai zuba yis ba ba shi da ikon cewa yau ko gobe, sai ya jira. Na ce wa Baba mu soka su mu gani. Ya ce ba a tashin tsohuwa daga barci, ita ta san lokacinta.

Ashe sun daɗe da farkawa. Zafi ne ya busar da ɓawon saman ya zama kamar fatar ganga, ya rufe komai, a ƙarƙashi kuwa wuta ke ci.

Na shafa kafaɗar randar. Yatsuna suka sami wani layi siriri kamar gashi, yana gumin ja.

Idan ta fashe, abin da ke cikinta ya isa ya cika ragowar ɓarawo sau biyu.

"Gwaggo!" Muryata ta fita kamar ta wata. "Igiya! Igiyar rijiya!"

"Yana da rai?"

"Igiya na ce!"

Ta wurgo ta daga bakin ƙofa, ta faɗa cikin giya. Sai da na sauka da numfashi a tsare na lalubo ta, na sake hawa. Akwai azarar da muke rataye cinyoyin alade da hunturu, daidai saman ramin. Na jefa bakin igiyar, ya dawo. Na sake jefawa, ya zarce. Na jawo shi.

"Ku riƙe ɗaya bakin! Kada ku sauko! In na ce ja, ku ja!"

"An ce motar tana hanya," Gwaggo ta yi ihu. "Daga Beja za ta taso, ta kusa da mu ta fita."

Daga Beja, can birni mai nisa. Ban bar kaina ya yi wannan lissafin ba.

Na sauka. Giyar ta kai wa Baba ƙashin wuya yanzu. Na kwanta rub da ciki a cikin kumfa, na tura igiyar ta ƙarƙashin hammatarsa ɗaya, amma ɗaya hannun yana can cikin giya, ya matse da jikin ramin. Na kasa zagayo da ita. Na koma tsani na sha iska, na dawo, na sake kasawa. Daga sama ba zai yiwu ba.

Na zura ƙafafuna a ramin na zame kusa da shi.

Ba ƙasa. Ƙafafuna suka yi ta nema ba su sami komai ba sai tuƙar inabi mai santsi. Na maƙale zoben ƙarfen da hannu ɗaya, a kan hannunsa, na rungume shi da ɗayan kamar yadda yake rungumata ina ƙarama in mun shiga rafi. Na zagayo da igiyar ta bayansa. Fuskata tana manne da tasa. Gemunsa yana sukana.

Idanunsa suka buɗe.

"Tércia," in ji shi, da wata murya kamar ta mai magana cikin barci. "Soke ta."

Ba halin in amsa. In na buɗe baki na mutu.

"Felicidade... soke ta, 'yar nan. Bar ni... ba mai yin irinta kuma."

Da ina da iska da na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa mahaluki ba. Na ƙulla igiyar a ƙirjinsa, ƙulli biyu, irin na ɗaurin jaki. Baƙaƙen ɗigo suka fara yawo a idona. Kunnuwana suka cika da ƙugi. Na yunƙura zan fito, gwiwar hannuna ta zame a bakin ramin, na koma har haɓa. Kuma a nan jikina ya ci amanata. Ya ja numfashi da kansa.

Kamar an watsa mini barkono a hanci, sannan aka buga mini guduma a goshi. Sai kuma wani daɗi ya zo, wani sanyi-sanyi, wata murya tana cewa kwanta kaɗan, kaɗan kawai, ai Baba na nan.

Wannan daɗin shi ya fi ba ni tsoro, har yau.

Ban san yadda na fito ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar tsani, na ciji katako, ina jan jikina sama. Na kai inda iska take na yi ta haki kamar kare.

"Ja!" na ce. Bai fita ba. Na sake. "Ku ja!"

Igiyar ta miƙe, azara ta yi ƙara. Daga waje na ji Gwaggo.

"Ja mana, 'yar birni! Ja kike ko shafa?"

"Ina ja, Gwaggo!"

"Wa ya ce miki ni gwaggonki ce? Hannun ɗaga kofi kawai gare ki? Kafa ƙafa a dokin ƙofa! Ai don ke ya shiga, ƙaton banza mai neman suna!"

Baba ya ɗago kamar taki ɗaya. Kafaɗarsa ta biyu ta fito. Sai ya tsaya. Tsohuwa ɗaya da mace mai jiri ba za su iya zaro mutum irinsa daga tuƙa ba. Igiyar ta fara zamewa baya kaɗan-kaɗan.

A jikin cikina, Felicidade ta yi wani ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Layin nan ya tsawaita har ƙasa da inda hannuna yake kaiwa. Giya ta fara tsartuwa daga gare shi, siririya, tana fesa mini a cinya.

Doguwar muciyar tana jingine da bango, na miƙa hannu na jawo ta. Ba don maganar Baba ba. Na dai auna ne: in na soke ta, za ta yi aman da zai gangara kansa, amma kaɗan-kaɗan. In na bar ta, gaba ɗaya za ta zo, da katangun da suka isa su raba kan mutum biyu.

"Ku riƙe da kyau! Ko me kuka ji kada ku saki!"

"Me za ki yi?"

Na hau matakin ƙarshe, na ɗaga muciyar da hannu biyu, na caka a tsakiyar ɓawon. Ta yi tsalle ta dawo kamar na doki taya. Na sake ɗagawa, na sa nauyin jikina duka.

Ta shige.

Ban taɓa jin irin wannan ihun daga abin da ba shi da rai ba. Muciyar ta kuɓuce daga hannuna ta doki rufi. Kumfa ja ta yi tsiri sama da kaina, ta bugi fuskata, ta cika mini hanci da ido. Tsanin ya ja baya. Na rungume wuyan randar, ƙafafuna suna lilo, giya tana malalowa ta kaina, ta bayana, ta sauka jikin randar kamar ruwan indararo, ta nufi inda daɓe ya koya mata.

Na share ido na duba ƙasa. Ɓarawo ya cika ya batse. Fuskar Baba ba ta nan. Igiya kawai ke fitowa daga cikin kumfa.

Na saki randar na faɗo.

Na faɗi a kan gwiwa, na rarrafa, na cusa hannu biyu cikin ramin har kafaɗa. Gashi. Na damƙe shi na ɗago. Sai na ji abin da ban zata ba: ya yi sauƙi. Giyar da ta cika ramin ta ɗago shi daga tuƙar, takalmi ɗaya ya cire ya bar shi a can. Na kama igiyar na jijjiga ta da ƙarfi, na waje suka gane, suka ja. Ƙirjinsa ya fito, cikinsa ya goge bakin ramin, ya kife a kan daɓe kamar kifin da aka jawo gaɓa.

Na zare hannunsa daga zoben. Na kama ƙullin igiyar na ja shi baya-baya cikin giya, santsin ya taimake ni. Amma igiyar tana bisa azara, sai ja take ƙoƙarin mayar da shi. Ba bakin da zan ce su saki. Mafalda ce ta gani. Ta yar da igiyar, ta toshe hanci, ta sauko matakalar nan da ta fito daga cikinta da ƙyar, ta kama ɗaya hannunsa. Idanunta kamar za su faɗo don tsoro, amma ta sauko.

Mun kai shi matakala ta biyu ke nan Felicidade ta buɗe. Ba ta yi ƙara irin ta 'yar'uwarta ba, numfashinta ya riga ya fita. Tsagewa kawai ta yi daga wuya har gindi, ta rabu biyu a hankali, igiyar ruwan ta zo ta doke mu a cinya, ta tura mu sama. Gwaggo ta damƙi kwalar Baba daga bakin ƙofa. Mu uku muka zubo da shi tsakar gida, cikin rana.

Bai motsa ba.

Leɓunansa sun yi kalar ɓawon inabi, kuma ba giya ce ta rina su ba. Na kara kunne a bakinsa. Bugun zuciyata kawai nake ji.

"Tino," in ji Gwaggo. Muryarta ta sauko, ba zagi a cikinta. "Tino, ɗan Inna, tashi mana. Ni ce babba. Ni zan riga ka."

"Matsa," Mafalda ta ce. Ta ture ni, ta mirgina shi, ta zura yatsu a bakinsa ta kwaso ɓawo da 'ya'yan inabi. Ta mayar da shi rigingine, ta haɗa hannuwa a tsakiyar ƙirjinsa ta fara dannawa. "An koya mana saboda mashayan da ke faɗuwa a shago. Ke, hura masa in na ce. Toshe hancin. Yanzu!"

Na hura. Bakinsa ɗanɗanon giyar bana, zaƙi-zaƙi, ba ta gama nuna ba. Ta danna, na hura. Ta danna, wani abu ya yi ƙas a ƙirjinsa, ta yi ƙara amma ba ta tsaya ba. Gwaggo ta durƙusa a kan duwatsu masu zafi tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban taɓa jin sunansu ba. Ƙudaje suka fara taruwa a kanmu.

Sai cikinsa ya motsa. Muka juya shi. Giya ta yi ta fita ta baki da hanci, ya yi wani dogon kakari, ya ja iska.

Na zauna daɓas a ƙasa. 

Muka ja shi inuwar zaitun, muka jingina shi da tayar motar Mafalda. Yana numfashi, amma guntu-guntu, kuma kowanne da wani sauti a ciki kamar ana hura ruwa da tsinke. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon ganyen da ke sama kafin ya gane ni.

"Kin soke ta?"

"Na soke ta, Baba."

"Ta tsira?"

Na dubi Gwaggo. Giya tana gangarowa daga bakin ƙofar ɗakin, ta ratsa tsakar gida, ta bi ƙarƙashin ƙyaure ta fita titi.

"Tana nan lafiya lau, tana gaishe ka," in ji Gwaggo. "Rufe mana baki, tsohon jaki. Ka ajiye iskar, ba ta da yawa."

Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi. Abin da ya tofar kumfa ce mai ruwan hoda. Mafalda ta gani, ta jawo ni gefe.

"Giya ta shiga huhunsa," ta ce a hankali. "Wannan numfashin aro ne. Sai da iskar kwalba, sai da likita. Kuma ba anjima ba."

"Mu sa shi a motarki."

"In ya ɗauke a hanya, wa zai danna, wa zai tuƙa? Ni komai biyu-biyu nake gani yanzu haka. Masu motar asibiti suna da kayan aiki. Ai sun ce sun taso?"

Na kira lambar. Ta yi ta ƙara, wata mata ta ɗauka ta ce mota tana hanya, in kwantar da hankali. Na fita titi na tsaya a tsakiyarsa, cikin jan ruwan da ke bin gefen kwalta, na kare ido da hannu. Ƙauyen duk a rufe, kowa yana gonar inabi ko yana barcin rana. Ba jiniya. Ba ko kare.

Na koma. Leɓunan Baba da suka fara washewa suna sake yin duhu. Ya riƙe hannun Gwaggo, yana kallona, kuma a karon farko tun da na san shi na ga tsoro a idonsa.

Sai na ji inji.

Na ruga ƙofar gida. Ba motar asibiti ba ce. Babur ne, yana tahowa a karkace, ya taka giyar ya zame, ya faɗi a gabana. Mutumin da ke kai ya tashi da ƙyar. Ban taɓa ganinsa ba. Dogo ne, rabin gashin girarsa ya ƙone, rigarsa ta yi baƙi ƙirin da toka, kuma warin hayaƙi ya riga shi isowa. Ya dubi jan ruwan da ke titi, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya leƙa ta bayana ya hango Baba a gindin zaitun.

"Nan ne gidan Isaltino mai randuna? Ku kuka kira mota?"

"Mu ne. Tana ina?"

Ya goge baki da bayan hannu.

"Tana bayan gada. Direban ne ya roƙe ni in biyo ta gonaki in gaya muku. Karan alkama ya kama da wuta daga can har bakin kwalta, ba abin da zai ratsa." Ya waiwaya ya dubi hanyar da ya fito, inda sararin sama ya fara yin kalar tsatsa a bayan hasumiyar coci. "Kuma iska ta juyo, baiwar Allah. Akwai wata hanyar fita garin nan ban da wannan?"